Kwana Arba'in da Uku Ba Aska

SHAFI NA 19

Masu turo min saƙo kuna cewa na tsani Dalyop ne shi ya sa nake ɓata shi, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku dawo mu yi magana.

*

Kwana arba'in da uku rabon Kamal da ɗora aska a jikinsa. Ga wani wannan ba labari ba ne. Amma Kamal ɗan wanzami ne, jikan wanzami, daga zangon Kumasi, kuma yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya danƙa masa aska ya ce gashin hammata da na mara ba sa wuce kwana arba'in a jikin Musulmi mai tsafta. Ya bar Kumasi, ya bar abubuwa da yawa da aka rene shi a kansu, sallar ma wani lokaci sai ta kuɓuce masa, amma wannan ɗaya bai taɓa sakin ta ba. Ƙirji kuwa shi ya haɗa da kansa, don 'yan tsirarun da ke fito masa ba su da wani fasali.

Sai Dalyop ya roƙe shi.

Shekara uku suna tare, gida ɗaya a garin Largo, can ƙasar Turawa, Dalyop yana aikin nas a asibiti, shi kuma yana shagon askinsa a Takoma Park. A shekara ukun nan ko sau ɗaya Dalyop bai taɓa kai shi cikin abokansa ba, waɗanda suke taruwa a gidan Kenneth da ke Annandale duk lokacin zafi. Dukansu maza ne masu son maza, kuma kusan kowannensu ya baro gida ne saboda an yi ta goranta masa cewa shi ba namiji ba ne. Bana Dalyop ya yi alkawarin zai kai shi, ya tsaya gaban kowa ya ce wannan nawa ne. Sharaɗi ɗaya kawai: ya bar gashin jikinsa ya fito, don su Kenneth ba sa ganin mutuncin namijin da jikinsa yake sumul.

Kamal ya yarda. Ranar da ya cika kwana arba'in ya kasa cin abinci, amma ya yarda.

Yanzu ga su a ƙofar baya ta gidan Kenneth, ranar Asabar, ƙarfe uku, rana ta take. Ƙamshin tsire ya cika wurin, kiɗa na tashi, maza wajen goma sha biyar suna zaune a bakin wurin ninƙaya.

"Ka saki fuska mana," Dalyop ya ce ƙasa-ƙasa.

"A sake take."

"Kuma don Allah ka rage wannan abin da kake yi da hannu in kana magana."

Kamal ya dube shi. "Wane abu?"

"Ka sani ai."

Bai sani ba, amma ya cusa hannuwan a aljihu.

Da ya ɗaga kai ya ƙare wa taron kallo, sai da ya kusa yin dariya. A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki mai tebur da labule, mai ƙofa ta baya, inda yake yi wa maza gyaran jiki: a rage na ƙirji, a cire na gadon baya, a daidaita na kafaɗa. To, cikin goma sha biyar ɗin nan, bakwai sun taɓa kwanciya a kan teburinsa. Kowannensu yana haɗa ido da shi sai ya ga abin da ke cikin kofinsa ya fi komai muhimmanci. Almu, dattijon Nijar ɗin da ke juya tsire, har ya ɗaga hannu zai gaishe shi, sai ya tuna, ya mayar da hannun ya sosa wuya.

Kamal bai nuna ya san kowa ba. Abu na biyu da mahaifinsa ya koya masa ke nan, ranar da ya fara rataya masa zabira: wanzami yana ganin tabon da matar mutum ma ba ta sani ba, in ya faɗa ko sau ɗaya, ya ajiye aska ya nemi wata sana'a.

Sai ga maigidan ya taso. Kenneth ɗan Kaduna ne, lauya, ya haura hamsin amma a bakinsa arba'in da biyu yake tun shekaru biyar da suka wuce. Ba riga a jikinsa, ƙirjin nan baƙi wuluk da gashi, ya kwanta luf ya yi kyau, gadon bayansa kuwa fes. Duk abokan suna cewa haka Allah ya yi shi.

Allah ya yi shi, Kamal ya ƙarasa. Duk bayan mako uku, ranar Alhamis, ƙarfe shida bayan an rufe shago, ta ƙofar baya. Furfurar ƙirjin nan Kamal ne yake rina ta da ɗan buroshi, gadon bayan nan Kamal ne yake cire masa gashin da narkakken kaki, mutumin yana cizon tawul yana hawaye. Ko Dalyop bai taɓa jin wannan a bakinsa ba.

"Dalyop, mutumina," Kenneth ya rungume shi. Sannan ya dubi Kamal tun daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganinsa a duniya. "Wa muka samu?"

 Don wannan lokacin Kamal ya jure ƙaiƙayin kwana arba'in da uku.

Dalyop ya gyara murya. Ya dubi Kenneth, ya dubi sauran.

"Wannan Kamal ne," ya ce. "Mai askina."

Shi ke nan. Mai askina. Mutumin da ya kwana uku a kujerar asibiti lokacin da aka yi wa Dalyop aikin hanji, mutumin da ya san ba ya cin albasa ɗanya, ya san sunan kowace ƙanwarsa da ke Jos. Jama'a, ni mai ba da labarin nan sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Kamal ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya ce a ransa wataƙila kunya ce, bari a zauna tukuna, zai gyara.

Ba a zauna ba. Kenneth ya tafa hannu ya sa aka rage kiɗa.

"To, kun san dokar gidan nan. Baƙo ba ya cin tsirenmu da riga. Mu nan maza ne, ba ma son ƙyale-ƙyale. Kamal, bismilla."

"Na gode, ina jin daɗin rigata."

"Haba dai. Ko akwai abin ɓoyewa?"

Kamal ya waiwayi Dalyop. Dalyop ya yi masa wannan kallon na roƙo, ya ɗan gyaɗa kai.

Ya cire rigar.

Gashin ya fito kamar yadda ya san zai fito, kaɗan a nan, kaɗan a can, tsakiya fili kamar gonar da awaki suka shiga. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya rufe baki. Kenneth ya matso ya karkata kai yana dubawa, hannu a haɓa.

"Ba laifi," ya ce. "Gaskiya ya fi na mako na huɗu. Wancan kam mun ce ba za a dace ba."

Kamal ya tsaya cak. "Wane mako na huɗu?"

"Hoton mana."

"Wane hoto?"

"Ken," Dalyop ya ce da sauri, "bar maganar nan."

"Au, bai sani ba?" Kenneth ya zaro wayarsa yana murmushi. "Come on, wasa ne kawai. Zo ka gani, ai kai ne tauraron guruf ɗinmu."

Ya miƙa masa wayar. Sunan guruf ɗin Zaratan Maza. Kamal ya ja da yatsa. Ga ƙirjinsa, ranar Lahadin farko, a kan gadonsu na Largo, da zanen gadon da shi ya saya. An yanke kansa daga hoton. A ƙasa Dalyop ya rubuta: mako na ɗaya, a yi mana addu'a. Ga na biyu. Ga na uku, da hammatarsa a ɗage. Ƙarƙashin kowanne, maki. Biyu cikin goma. Uku cikin goma. Wani ya rubuta a sa masa taki. Kenneth ya rubuta cewa in bai kai biyar ba kada a kawo musu ɗan daudu gida.

Duk Lahadi da safe Dalyop yakan ce, tsaya in ɗauke ka, in riƙa kallo in aiki ya yi min yawa. Kamal har gyara tsayuwa yake yi. Har murmushi yake yi, murmushin da aka yanke aka yar.

Ya mayar wa Kenneth wayarsa a hankali. Ya ɗauki rigarsa a hannu.

"Dalyop, zo."

Ya wuce kicin bai waiwaya ba. Dalyop ya biyo shi ya ja ƙofar gilashin.

"Kamal, ka saurare ni."

"Mako shida."

"Ba yadda kake tunani ba ne."

"To yaya ne? Faɗa min. Ina da lokaci."

"Ina shirya su ne. Ina so in sun gan ka su karɓe ka. Ba ka san mutanen nan ba, in suka sa mutum a baki…"

"Na san su," Kamal ya ce. Ya haɗiye sauran maganar da ƙyar.

"To ka gane ke nan."

"Na gane ka ɗauki jikina ka kai kasuwa ana tayawa. Uku cikin goma. Kai nawa ka ba ni?"

"Ban ba da maki ba."

"Ka yi dariya. Na ga fuskar dariyar da ka sa ƙarƙashin maganar taki."

Kamal ya ci gaba.

"Ka san me kwana arba'in yake nufi a wurina. Na gaya maka. Na ce maka Baba ya rasu ba mu shirya ba, ko gawarsa ban gani ba, wannan kaɗai ne nake yi in ji kamar har yanzu ni ɗansa ne. Ka ce min sau ɗaya ne, saboda mu. Na karya saboda mu. Sai muka zo ka ce mai askinka."

"Bakina ne ya kufce."

"Shekara uku yana kufcewa?"

Dalyop ya dafa teburin kicin. Idanunsa sun kaɗa. "Kai ba ka san abin da na sha ba. A makarantar kwana a Jos, tun daga aji ɗaya sunana Ladi. Ladi, zo ki ɗebo ruwa. Ladi, yi mana tafiyarki. Babana ya taɓa tsayar da ni a tsakar gida ya sa na maimaita gaisuwa sau ashirin wai har sai muryata ta yi kauri. A duk duniya, nan gidan ne kawai aka taɓa kallona aka ce namiji. Ba na so in rasa shi."

Kamal ya ji tausayinsa, ba zai yi ƙarya ba. Amma tausayin bai kashe wutar ba, ƙara mata mai ya yi.

"To ni me aka kira ni a Kumasi, kana tsammani? Sarkin yaƙi? Chale, abokina, duk wanda ke wajen can an kira shi Ladi. Kenneth ma an kira shi. An auna muryarmu, an auna tafiyarmu, an auna yadda muke riƙe kofi. Muka sha wahala muka ƙetare teku, muka zo inda ba mai auna mu, sai muka zauna muka fara auna junanmu. Da gashin hammata, Dalyop. Manya da ku, masu digiri."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Na rage hannu, na rage murya, me ya saura in rage?"

"Me kake so in yi yanzu?"

"Ka fita ka faɗa musu ni wane ne."

"Zan faɗa. Ka bari abin ya lafa, a ci abinci, in an jima…"

"In na kai biyar cikin goma?"

Dalyop ya sunkuyar da kai.

Kamal ya bi ta ƙofar gaba ya fita. Dalyop ya ɗauka tafiya zai yi, har ya ɗan ji sanyi a ransa, Allah ya yafe masa. Amma Kamal but ɗin mota ya buɗe. Zabirar mahaifinsa tana nan inda take kullum, fatar ta yi baƙi don tsufa. Ita kaɗai ƙanwarsa ta iya aiko masa bayan rasuwar. Ya rataya ta ya dawo, ya wuce Dalyop a tsaye, ya shiga banɗakin baƙi ya murɗa makulli.

Ya wasa askar a jikin fata, sau bakwai kowane gefe, yadda aka koya masa. Ya yi bismilla. Ya fara da dama.

 Da ya gama inda addini ya ce, ya dawo kan ƙirjin ya share shi tas. Ya tattara gashin a takarda ya naɗe ya sa a zabira, don a gidansu ba a barin gashin mutum a gidan wani. Ya wanke wurin fes, ya wanke askar, ya dubi madubi. Rabon da ya ga kansa haka tun watan jiya, sai ya ji hawaye na neman zuwa. Ya hana su, don ba ranarsu ba ce.

Dalyop yana ƙwanƙwasa ƙofa. "Kamal, me kake yi a ciki?"

Ya buɗe. Dalyop ya kalli ƙirjin.

Kamal ya wuce shi, ya ja ƙofar gilashin, ya yar da rigar a bakin ƙofa, ya fita wajen taron ba riga, zabira a kafaɗa. Hira ta tsaya. Almu ya bar tsire yana ƙonewa.

"Assalamu alaikum," Kamal ya ce. "Ɗazu an gabatar da ni ba daidai ba. Dalyop zai gyara."

Ya juya ya fuskanci Dalyop, wanda ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Ga ni yadda ka same ni shekara uku da suka wuce. Haka ka ce kana so. Faɗa musu."

Ba wanda ya motsa. Can Almu ya ce a hankali, "Dalyop, yi magana mana, ɗana. Ba wuya."

Kenneth ya yi dariya ya zauna a kujerarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shafa ƙirjin nan nasa. "Ka ga irin abin da nake gaya maka ko, Dalyop? Fushi kaɗan sai a ruga banɗaki a yi kwalliya. Halin mata ke nan. Namiji yadda Allah ya halicce shi yake zama, ba ya taɓa jikinsa."

Wasu suka yi 'yar dariya. Bakwai ɗin nan ba su yi ba.

Kamal bai ko dubi Kenneth ba. Idonsa na kan mutum ɗaya. A ransa yana cewa, kalma biyu kawai, Dal. Ka ce nawa ne. In ka faɗa, na yafe hotunan, na yafe takin, mu koma gida in dafa maka wake da shinkafa.

Dalyop ya dubi Kenneth. Ya dubi sauran. Ya sunkuya ya ɗauki rigar da Kamal ya yar a bakin ƙofa, ya miƙo masa, muryarsa can ƙasa.

"Kamal, sa rigarka. Kana ba ni kunya."

To, an faɗa. Ba abin da ya roƙa ba, amma an faɗa, kuma kowa ya ji.

Kamal bai karɓi rigar ba. Ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda aka gaya wa farashin kaya ya ga ba zai iya saya ba. Sannan ya juya a hankali ya fuskanci Kenneth.

Zabirar ta yi masa nauyi a kafaɗa. Yana jin muryar mahaifinsa sarai, ranar da ya rataya masa ita: ko sau ɗaya ka faɗa, ka ajiye aska. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da sirrin mazan garin nan, bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Shagon nan da amanar nan su kaɗai suka rage masa yau.

"Oga Kenneth," ya ce. "Maimaita abin da ka ce. Namiji ba ya me?"

Murmushin Kenneth ya ɗan rage. "Ba ya taɓa jikinsa."

"Ko da rini?"

Hannun Kenneth ya tsaya a kan ƙirjinsa.

Almu ya ajiye wuƙar tsire ya matso da sauri. "Wanzam, pardon. Don girman Allah, tuna sana'arka."

"Ina tune da ita, Baba Almu."

Sauran shidan da suka san teburinsa suka ajiye kofunansu kusan lokaci ɗaya. Dalyop yana kallon wannan, yana kallon wancan, bai gane abin da ya tsorata su ba.

"Wane rini?" ya tambaya. "Kamal, ka san Kenneth ne da ma?"

Kenneth ya miƙe tsaye. "Kamal. Mu shiga ciki mu yi magana."

"A'a, a nan aka ba ni maki, a nan za mu gama." Kamal ya sauke zabirar mahaifinsa daga kafaɗa, ya ajiye ta a kan tebur tsakanin farantan tsire, ya janye hannunsa daga kanta. "Dalyop, tambayata ka yi ko? To, tambayi abokinka inda yake zuwa duk bayan mako uku, ranar Alhamis, ƙarfe shida."